Sharhi: Ciwon hanta a Najeriya, bayan sakamakon gwaji sai me?

A sashen karɓar jini na manyan asibitocin Najeriya akwai abin da ma'aikata suka saba gani har ya daina ba su mamaki. Magidanci ko matashi zai shigo da ƙarfinsa domin ya bai wa ɗan'uwansa jini, a ɗebi kaɗan a gwada, jim kaɗan a kira shi gefe a shaida masa cewa ba za a karɓi jininsa ba, saboda an ga ƙwayar ciwon hanta a ciki. Mutumin da ya zo ceton rai sai ya fita riƙe da takardar da bai san yadda zai yi da ita ba.

Ta irin wannan hanya 'yan Najeriya da dama ke fara sanin suna ɗauke da cutar. Wani a wajen ba da jini, wani a gwajin kafin aure, wata a wajen awon ciki, wani kuma lokacin da yake neman aiki ko takardar tafiya ƙasar waje. Kaɗan ne ke zuwa asibiti musamman domin a gwada su, kuma a cikin waɗanda aka gano kaɗan ne ke samun wanda zai zaunar da su ya yi musu bayanin mataki na gaba.

A kowace ranar 28 ga watan Yuli Najeriya na bin sahun sauran ƙasashe wajen tunawa da Ranar Yaƙi da Ciwon Hanta ta Duniya. An zaɓi ranar ce domin ita ce ranar haihuwar Dakta Baruch Blumberg, masanin da ya gano ƙwayar ciwon hanta nau'in B, binciken da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1976. Akan yi tattaki, a gabatar da jawabai, a yi wa ɗaruruwan mutane gwaji kyauta a kasuwanni da tashoshin mota. Tambayar da masu lura da harkar lafiya ke ƙara maimaitawa ita ce, me ke faruwa da mutumin da gwajinsa ya nuna yana da cutar bayan an naɗe rumfuna kowa ya watse?

Girman matsalar

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta fitar a watan Afrilun 2024 ya nuna cewa mutanen da ciwon hanta mai yaɗuwa ya kashe sun ƙaru daga miliyan 1.1 a 2019 zuwa miliyan 1.3 a 2022, wato kimanin mutum 3,500 a kowace rana. Wannan adadi ya sa cutar ta yi kunnen doki da tarin fuka a jerin cututtuka masu yaɗuwa da suka fi kisa. Nau'in B ne ya haddasa kashi 83 cikin 100 na mace-macen, nau'in C kuma kashi 17.

Rahoton ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 254 ke rayuwa da nau'in B a duniya, miliyan 50 kuma da nau'in C. A cikin masu nau'in B, kashi 13 cikin 100 kacal aka gano, kimanin kashi 3 ne suka samu magani. Hukumar ta lissafa ƙasashe goma da ke ɗauke da kusan kashi biyu cikin uku na wannan nauyi, kuma Najeriya na cikinsu, tare da Habasha, Sin, Indiya, Pakistan, Bangladesh, Indonesiya, Filifins, Rasha da Biyetnam.

A cikin gida, binciken da aka fi dogara da shi shi ne babban ƙidayar nan ta NAIIS da aka gudanar a 2018. Ya gano cewa kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da nau'in B, kashi 1.1 kuma na ɗauke da nau'in C. Ma'ana, a cikin kowane baligi 12 akwai kusan mutum guda mai nau'in B. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya na ƙiyasta jimillar masu cutar da kimanin mutum miliyan 20. Binciken na NAIIS ɗin dai shi ne ya nuna cewa masu ɗauke da HIV a ƙasar kimanin miliyan 1.9 ne. Duk da wannan tazara, sunan HIV ya shiga kowane gida, yayin da ciwon hanta ke ɓuya a ƙarƙashin sunaye irin su shawara, ciwon ciki, ko ma sammu.

Dalilin ɓuyar yana cikin halittar hantar kanta. Ita ce ke tace guba daga jini, ta samar da ruwan ɗaci mai narkar da maiƙo, ta adana sukari, ta kuma haɗa sinadaran da ke sa jini ya daskare idan an ji rauni. Tana da juriya ƙwarai, domin takan ci gaba da aiki ko da wani babban ɓangarenta ya lalace. Saboda haka mutum kan shafe shekara ashirin ko talatin da ƙwayar cutar yana noma, yana kasuwanci, yana aure yana haihuwa, ba tare da ya ji ko ciwon kai ba. A duk tsawon lokacin kumburi na cin hantar a hankali, tabo na maye gurbin tsoka mai lafiya har ta ƙandare. Ranar da ido ya yi ɗorawa, ciki ya cika da ruwa, ƙafafu suka kumbura, ko aka fara aman jini, sau da yawa an riga an makara.

Wani bincike da likitocin Afirka suka gudanar a asibitocin ƙasashe da dama, ciki har da Najeriya, wanda aka wallafa a 2017, ya nuna cewa a ƙasashen da ke kudu da Sahara dajin hanta na kama mutane ne a tsakiyar shekarunsu na arba'in, kuma rabin waɗanda aka gano ba sa kai wata uku a raye. Waɗannan su ne shekarun da mutum ke riƙe da gida, yana ciyar da 'ya'ya da iyaye. Dashen hanta, wanda shi ne mafita ta ƙarshe, yawanci sai an fita ƙasashe irin su Indiya ko Masar, a kan kuɗin da talaka ba ya ko mafarkinsu.

Inda cutar ke shiga

Masana lafiya sun daɗe suna nanata cewa a ƙasashe irin Najeriya mafi yawan masu nau'in B sun kamu ne tun suna jarirai ko ƙananan yara. Jariri kan ɗauka daga mahaifiyarsa lokacin haihuwa, yaro kuma kan ɗauka daga wani yaron ta hanyar rauni ko gyambo, ko daga kayan yanka da aka yi amfani da su ga wani. Shekarun kamuwa ne ke yanke hukunci. Baligin da ƙwayar ta shiga jikinsa, fiye da kashi 95 cikin 100 garkuwar jiki na kawar da ita da kanta. Jariri kuwa, kusan tara cikin goma za su rayu da ita har ƙarshen rayuwa.

Ƙwayar nau'in B na iya rayuwa a wajen jiki na aƙalla kwana bakwai, ko da jinin ya bushe, kuma ta fi HIV saurin kamawa nesa ba kusa ba. Wannan ne ya sa ake yawan ambaton aska da reza da almakashi. Wanzami mai yi wa yara da dama kaciya da aska guda, mai cire beli, mai ƙaho da tsaga, mai yankan farce da ke zagaya kasuwa da kayan aiki iri ɗaya tun safe har yamma, da mai kemis da ke sake amfani da sirinji, dukkansu na iya zama hanyar yaɗa cutar ba da saninsu ba. Haka nan ƙarin jinin da ba a tantance ba da kuma saduwa. Nau'in C kuwa kusan ta jini kaɗai yake yaɗuwa, kuma har yau ba shi da rigakafi.

Wanzamai da ungozomomi mutane ne da jama'a suka amince da su tun kaka da kakanni, suna kuma shiga gidajen da ma'aikacin lafiya ba ya isa. Shirin wayar da kai da ya mayar da su abokan gaba ba zai yi nisa ba. Abin da ake buƙata daga gare su ba shi da yawa: reza sabuwa ga kowane mutum, tsabtace kayan aiki yadda ya kamata, da tura mai jego asibiti a ranar da ta haihu.

Sanin hanyoyin da cutar ba ta bi shi ma yana da muhimmanci daidai da sanin waɗanda take bi. Ya yaɗu a tsakanin jama'a cewa ana ɗaukar ciwon hanta ta gumi, har wasu na gudun zama kusa da mai cutar a mota ko tsayawa kusa da shi a sahu. Likitoci sun tabbatar cewa nau'in B da C ba sa yaɗuwa ta gumi, ko musabaha, ko tari, ko cin abinci a kwano ɗaya. Uwa mai cutar na iya shayar da jaririnta. Nau'in A da E ne ke bin gurɓataccen ruwa da abinci, su kuma ba sa zama a jiki na dindindin, ko da yake nau'in E na da haɗari sosai ga masu juna biyu, kamar yadda aka gani a ɓarkewar da aka yi a 2017 a yankin Diffa na Jamhuriyar Nijar da kuma Ngala a Jihar Borno.

Awa 24 na farko

Idan akwai wuri guda da za a iya karya lagon cutar da kuɗi kaɗan, to ranar haihuwa ce. Najeriya ta sanya rigakafin nau'in B cikin jerin allurar yara tun 2004, sannan a 2012 ta fara amfani da allurar nan mai haɗe da rigakafin cututtuka biyar, wadda ake yi wa jariri a mako na 6 da na 10 da na 14. Sai dai waɗannan allurai uku ba sa isa su kare jaririn da mahaifiyarsa ke da cutar. Shi yana buƙatar allura ta musamman cikin awa 24 da haihuwa, kafin ƙwayar ta kafu a hantarsa. Allurar kyauta ce a asibitocin gwamnati.

Matsalar ita ce jarirai da yawa ba sa kusa da allurar a wannan rana. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 39 cikin 100 ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti, kuma adadin ya fi haka ƙasa sosai a Arewa maso Yamma. A gidaje da yawa ba a fita da jariri sai bayan suna, wasu ma sai an yi arba'in. Ko a asibitin, wadda ta haihu daren Juma'a na iya jin an ce ta dawo ranar rigakafi, saboda mai riƙe da mabuɗin firjin allurai ya tashi, ko kuma ana jiran yara su taru kafin a fasa kwalba. WHO ta ce nahiyar Afirka ce ke da kashi 63 cikin 100 na sababbin masu kamuwa da nau'in B, amma kashi 18 cikin 100 ne kawai na jariranta ke samun allurar ranar haihuwa.

Gyaran wannan giɓi aikin tsari ne fiye da aikin kuɗi. A ajiye allurar a ɗakin haihuwa dare da rana, a bai wa ungozomar da ke bakin aiki izinin yin ta, a kuma tsara yadda ma'aikatan lafiya na unguwa za su kai ta gida idan an haihu a gida. Sannan a riƙa gwada kowace mai ciki a wajen awo, domin wadda ƙwayar ta yi yawa a jininta ana ba ta maganin tenofovir a watannin ƙarshe na ciki, abin da ke ƙara rage yiwuwar jaririn ya ɗauka. Jihar Kano ta fara irin wannan shiri na gwada masu juna biyu kyauta a wasu manyan asibitocinta a 2025. A matakin nahiya, Namibiya ta samu shaidar yabo daga WHO a 2024 kan nisan da ta yi wajen hana yaɗuwar nau'in B daga uwa zuwa jariri. Hujjar cewa rigakafin na aiki ta daɗe da tabbata, domin Taiwan ta fara yi wa jarirai allurar a 1984, kuma bayan shekaru aka ga dajin hanta ya ragu ƙwarai a tsakanin yaranta.

Magani akwai, kuɗi ne babu

Ga waɗanda suka riga suka kamu, labarin kimiyya mai daɗi ne. Nau'in C yana warkewa sarai. Ƙwayoyin sofosbuvir da daclatasvir, idan an sha su na mako 12, suna warkar da fiye da kashi 95 cikin 100 na masu cutar. Nau'in B kuwa ba a kai ga samun maganin da ke kawar da shi gaba ɗaya ba, amma ƙwaya ɗaya ta tenofovir ko entecavir a kullum na danne ƙwayar cutar, ta tsayar da lalacewar hanta, ta kuma rage haɗarin daji. Ba kowane mai nau'in B ne ke buƙatar fara shan magani nan take ba, amma kowa na buƙatar likita ya riƙa duba shi lokaci zuwa lokaci. A watan Maris na 2024 WHO ta sassauta sharuɗɗan fara magani, ta yadda mutane da yawa za su cancanta, kuma za a iya yanke shawara da gwaje-gwajen jini masu sauƙi a inda babu manyan na'urori.

Abin da ke tare hanya shi ne aljihu. Gwajin farko na ɗigon jini ba shi da tsada, amma shi kaɗai ba ya faɗin halin da hanta ke ciki. Sai an auna yawan ƙwayar cutar a jini, an duba aikin hanta, an ɗauki hoton ciki, kuma wasu daga cikin waɗannan sai an maimaita su duk bayan wata shida ko shekara. Jimillarsu kan lashe babban kaso na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, kafin a zo maganar magani da kuɗin mota zuwa asibitin koyarwa ko cibiyar lafiya ta tarayya inda ƙwararrun likitocin hanta suke. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya ke fitowa kai tsaye daga aljihun majinyaci, mutane da yawa na tsayawa ne a gwajin farko.

A nan ne wani abin mamaki ke bayyana. Tenofovir na cikin haɗin magungunan da ake bai wa masu HIV kyauta a faɗin ƙasar nan. Don haka wanda ke da HIV da ciwon hanta nau'in B a tare yana samun maganin hantarsa ba tare da ya biya ko kwabo ba, shi kuwa mai nau'in B kaɗai sai ya saya a kanti wata bayan wata. Bambancin ya samo asali ne daga inda kuɗin ke fitowa. Manyan masu ba da tallafi na duniya sun zuba jarinsu ne a kan HIV da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, ciwon hanta kuma bai samu irin wannan gata ba. Tun daga farkon 2025 da Amurka ta zaftare tallafin da take bai wa harkar lafiya a ƙasashen waje, fatan cewa wani daga waje zai ɗauki wannan nauyi ya ƙara dusashewa.

Alƙaluman WHO sun nuna cewa farashin da aka cimma a kasuwar duniya ya sauko har dala 2.4 a wata ga tenofovir, da dala 60 ga cikakken maganin nau'in C, amma ƙasashe ƙalilan ne ke saye a wannan farashi. Majinyacin da ke saye shi kaɗai a kanti yana biyan ninkin haka. Gwamnati ce kaɗai ke iya tara buƙatar jama'a ta saya da yawa a lokaci guda ta karya farashin. Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta 2022, wadda ta wajabta inshora ta kuma tanadi asusu domin marasa galihu, ta buɗe ƙofar sanya gwaji da maganin ciwon hanta cikin abubuwan da inshora ke biya. Haka kuma na'urorin GeneXpert da aka rarraba domin gwajin tarin fuka na iya auna ƙwayar ciwon hanta, idan an samar musu da kayan aikin da suka dace.

Tsangwama da kasuwar masu magani

Inda hukuma ta bar giɓi, wasu na cike shi. Masu tallar magani da lasifika a kasuwanni, da takwarorinsu a rediyo da Facebook da TikTok, na alƙawarin wanke hanta cikin kwanaki. Mutumin da asibiti ya sallama da takarda ba tare da bayani ba, shi ne kasuwarsu. Likitocin hanta na gargaɗin cewa jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba, ba a kuma san ma'auninsu ba, suna iya ƙarasa hantar da dama ta raunana, tun da duk abin da aka sha ita ce ke fara tace shi. Akwai kuma haɗari ga wanda ya fara shan tenofovir sannan ya daina da kansa saboda an ce masa ya warke, domin cutar na iya tasowa da ƙarfi fiye da da.

Mai ciwon hanta na buƙatar a faɗa masa abubuwan da zai kiyaye, kuma ba su da wuyar fahimta. Barasa na gaggauta ƙandarewar hanta. Shan farasitamol fiye da ƙima na lalata ta. Ƙiba da ciwon sukari na tara mata kitse, matsalar da ke ƙaruwa a birane. Sai kuma gubar aflatoksin, wadda ke fitowa daga hunhunar da ke kama gyaɗa da masara idan ba su bushe sosai ba kafin a zuba su a rumbu ko buhu. Gubar na haddasa dajin hanta ita kaɗai, idan kuma ta haɗu da nau'in B haɗarin na ninkuwa sau da yawa. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona domin rage wannan guba, abin da ke nuna cewa malamin gona ma na da rawar da zai taka a yaƙin.

Ciwon da ya fi ci wa masu cutar rai, kamar yadda ƙungiyoyinsu ke yawan bayyanawa, shi ne ƙyama. Ana fasa aure bayan an sa rana, ana janye takardar ɗaukar aiki, ana ware wa mutum kwano da kofi a gidansu. Mace kan fi shan wahala, domin akan zarge ta da abin da ba ta aikata ba, alhali mai yiwuwa tun tana cikin zanen goyo ta kamu. Tsoron irin wannan ne ke sa mutane gudun gwaji, wanda ya sani kuma ya ɓoye wa iyalinsa, su ma su rasa damar gwaji da rigakafi.

A watan Mayun 2024 Gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf ya sanya hannu kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, wadda ta haɗa da ciwon hanta nau'in B da C, HIV da kuma rukunin jini mai nasaba da sikila, ta kuma haramta nuna wa masu waɗannan cututtuka wariya. Amfanin irin wannan doka ya rataya ne a kan bayanin da ke biyo bayan sakamako. Samun nau'in B bai haramta aure ba. Idan an gwada ɗaya ɓangaren aka ga ba shi da cutar, ana yi masa allurar rigakafi sau uku cikin wata shida, ya samu kariya, 'ya'yan da za a haifa kuma a yi musu allura ranar haihuwa. Idan limami da waliyyai da ma'aikacin ɗakin gwaji ba su san wannan ba, dokar da aka yi domin kare iyali za ta koma hanyar raba masoya da tona asirin marasa lafiya. A matakin tarayya, dokar hana wariya ta 2014 an tsara ta ne domin masu HIV, kuma masu fafutuka na neman a shimfiɗa irin wannan kariya ga masu ciwon hanta a wuraren aiki da makarantu.

Muryar masu cutar da kansu na da tasirin da babu allon talla da zai yi. Danjuma Adda, ɗan Jihar Taraba wanda ya fito fili ya bayyana cewa yana rayuwa da nau'in B, ya kai ga shugabantar Ƙawancen Yaƙi da Ciwon Hanta na Duniya. Ganin mutum irinsa cikin ƙoshin lafiya yana aikinsa na rushe tunanin cewa sakamakon gwaji sammacin mutuwa ne. Tsohon Shugaban Ƙasa Janar Yakubu Gowon shi ma ya daɗe yana ba da sunansa a matsayin jakadan wannan yaƙi, yayin da ƙungiyar likitocin ciki da hanta ta ƙasa, SOGHIN, ke fitar da ƙa'idojin jinya tana kuma kira da a faɗaɗa gwaji.

Darasin Masar da Nasarawa

A 2016 ƙasashen duniya, har da Najeriya, suka amince da burin kawar da ciwon hanta a matsayin barazana ga lafiyar jama'a kafin 2030. Ma'aunin shi ne rage sababbin kamuwa da kashi 90 cikin 100, rage mace-mace da kashi 65, gano kashi 90 na masu cutar, da bai wa kashi 80 na waɗanda suka cancanta magani.

Masar ta nuna cewa burin ba tatsuniya ba ne. Ƙasar da a da kusan mutum ɗaya cikin goma ke ɗauke da nau'in C ta ƙaddamar da gagarumin gangami a 2018, ta gwada fiye da mutum miliyan 60, ta yi wa fiye da miliyan huɗu magani, ta kuma dogara da magungunan da kamfanoninta na cikin gida ke haɗawa a farashi mai rahusa. A watan Oktoban 2023 ta zama ƙasa ta farko da WHO ta bai wa shaidar matakin zinare a kan hanyar kawar da nau'in C. Sirrin nasarar shi ne duk wanda aka gano yana da cutar an haɗa shi da magani kyauta, ba a sallame shi da takarda kawai ba.

A cikin gida, Jihar Nasarawa, inda nau'in C ya yi yawa fiye da matsakaicin ƙasa, ta ɗauki alƙawari a 2020 ƙarƙashin Gwamna Abdullahi Sule na yi wa mutum 124,000 magani cikin shekara biyar, tare da tallafin gidauniyar lafiya ta Clinton. Ta sauko da gwaji da magani zuwa ƙananan asibitoci, ta horar da likitoci da ma'aikatan jinya da ba ƙwararrun hanta ba domin su kula da marasa lafiyar da cutarsu ba ta yi tsanani ba. Wannan tsari ne da sauran jihohi za su iya kwaikwaya, domin ƙwararrun likitocin hanta da ake da su ba za su taɓa isar mutum miliyan 20 ba.

A bikin ranar ta 2025, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ƙarƙashin Farfesa Muhammad Ali Pate ta sanar da shirin Project 365, wanda ke da nufin kai gwaji da magani mazaɓa bayan mazaɓa a duk tsawon shekara, domin kawar da nau'in C da katse yaɗuwar nau'in B kafin 2030. Sunan shirin kansa amsa ce ga ƙorafin cewa ana tunawa da cutar rana ɗaya a manta da ita sauran shekara. Sai dai masu sharhi na ganin cewa ba da yawan mutanen da aka gwada za a auna shi ba. Ma'aunin gaskiya shi ne mutum nawa daga cikin waɗanda aka gano suka samu gwaji na biyu, nawa suka fara magani, nawa ke ci gaba da sha bayan shekara guda, jarirai nawa suka samu allura a ranar farko, kuma nawa ne daga kuɗin da aka rubuta a kasafi aka saki a zahiri, a tarayya da jihohi.

Kafin a kai ga haka, akwai abin da ke hannun kowane gida. Baligi ya gwada kansa ko da sau ɗaya ne a rayuwa, wanda ba shi da cutar ya karɓi rigakafi, wanda ke da ita ya nemi likita ya kuma kai matarsa ko mijinta da 'ya'ya da 'yan'uwan da suke ciki ɗaya a gwada su. Magidancin da matarsa ta haihu, ko a gida ko a asibiti, ya tambayi allurar ciwon hanta a ranar, tun kafin a fara shawarar ragon suna. Shi kuwa mutumin da aka mayar daga sashen karɓar jini, abin da ya fi buƙata a wannan sa'a shi ne ma'aikacin da zai ba shi minti goma, ya faɗa masa cewa cutar na da magani, ya kuma nuna masa ƙofar da zai shiga gobe da safe.